In Magani Ya Daina Ci, Wa Za A Tambaya?

Duk wanda ya ci kasuwa a Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara ya san masu tallan magani, waɗanda ke sayar wa mutum kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin da ke aljihunsa. Majinyaci ya sha, ya ji dama-dama, sai ya bari. Masu kiwon kaji da shanu su ma haka suke ɗura wa dabbobinsu.

To, ga inda ɓarnar take. Maganin da ba a sha ya cika ba, raunanan ƙwayoyin cuta kaɗai yake kashewa. Masu taurin rai su saura, su hayayyafa, har ranar da likita zai ba da wannan magani ya ƙi ci. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya ta wannan hanya, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Ba a ce Gwamnati ta yi barci ba. Nijeriya ta fitar da tsarin yaƙi da wannan annoba a 2017, ta sabunta shi a 2024. A shekarar ne kuma ƙasashen duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Amma kada rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Tsarin da aka rubuta a Abuja ba zai amfani mutumin Hunkuyi ba sai an san wanda aikin ya rataya a wuyansa. Lalle ne kowace ƙaramar hukuma, ta Kudan da ta Makarfi da ta Ikara, ta naɗa jami'i guda, sananne, wanda zai riƙa faɗa wa jama'a kowace shekara kemis nawa aka duba, nawa ke da lasin, kuma asibiti nawa ke iya awo kafin a ba da magani. Ma'aikata su riƙe lissafin nan da gaskiya. Malamai kuwa su koya wa yara cewa mura ba ta bukatar kafso, kuma maganin da likita ya rubuta sai a sha shi yadda ya ce.

Alkawarin da ba mai amsa tambaya a kansa, talaka ne ke biyansa da ransa. Allah ya kiyashe mu.