Taura Biyu a Baki Guda

Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma ga shi yau kusan shekara ɗari ke nan jami'o'in ƙasar Jamus suna sa wa ɗalibi taura biyu a baki guda, suna kuma tsare shi sai ya taune su duka kafin su miƙa masa takardar shaida. Abin da muke nufi shi ne kwas ɗin nan da ya gama aikin injiniya da ilmin kasuwanci a digiri ɗaya, wanda za mu kira mai shi injiniyan kasuwanci. An fara shi a Babbar Makarantar Fasaha ta Barlin a shekarar karatu ta 1926 zuwa 1927, a ƙarƙashin jagorancin wani shehun malami mai suna Willi Prion. Daga baya ya bazu zuwa Darmstadt da Karlsruhe da Aachen da sauran manyan makarantu, har ya zama ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da matasa suke rububi a can.

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, ra'ayinmu a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Darajar digiri mai suna biyu tana cikin dokar jarrabawarsa. In dokar ta yi sako-sako, abin da za a yaye jemage ne, tsuntsaye su ƙi shi, dabbobi su ƙi shi. In kuwa ta yi tsanani ba bisa ƙa'ida ba, sai ta cinye shekarun samartakar mutum ta sallame shi hannu rabbana. Saboda haka ya kamata mu duba yadda masu abin suka tsara tasu dokar, mu ga inda suka dace da inda muke da ja.

Da farko mu san dalilin kwas ɗin. A ce hukumar ruwa za ta sayi injin tura ruwa, aka kawo mata iri biyu. Na ɗaya mai araha ne, amma yana shan wuta, kuma kayan gyaransa sai an yi oda daga ƙetare. Na biyu ya fi tsada, amma zai yi shekaru yana aiki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Injiniya zalla zai iya gaya maka ƙarfin kowane inji, akanta zalla zai iya gaya maka farashin kowanne, amma wanda zai zauna ya lissafa abin da kowane inji zai ci daga ranar saye har ranar da za a yar da shi, tilas ya ji harshen mutanen nan biyu. Wannan gurbi shi ne aka ƙirƙiro kwas ɗin domin cikewa. Ɗalibi yakan karanta lissafi mai zurfi da ilmin ƙarfi da motsi da na lantarki da sanin ƙarafa, a lokaci guda kuma yana karanta aikin akanta da tattalin arziki da ƙididdiga da dokar ciniki.

To, yaya ake auna shi? Tun bayan yarjejeniyar da ministocin ilmi na ƙasashen Turai 29 suka sa wa hannu a birnin Bolonya na Italiya a 1999, Jamus ta bar tsohon tsarinta na difloma guda mai tsawo, ta koma digirin farko da na biyu. A jami'a, digirin farko yakan ɗauki zango shida, watau shekara uku, kuma sai ɗalibi ya tara kiredit 180, talatin a kowane zango. Kiredit ɗaya yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki. In aka ɗauki awa 30, digirin ya tashi a kan awa 5,400. Digiri na biyu yakan cika jimlar ta kai kiredit 300. Makinsu kuwa a juye yake da namu: 1.0 shi ne ƙoli, 4.0 shi ne ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa ce. Duk wannan, da jerin darussan dole da na zaɓi, da yawan makonnin da za a yi a masana'anta, da sharuɗɗan kundin bincike na ƙarshe, a rubuce suke cikin takarda guda wadda jami'a take bugawa a fili, kuma tana da ƙarfin doka a kan malami kamar yadda take da shi a kan ɗalibi.

Abu na farko da muka yarda da shi a wannan tsari shi ne kowane darasin dole sai an ci shi a kan kansa. Wanda ya yi fice a ilmin talla ba zai ɗauki rarar makinsa ya toshe ramin da ya faɗa a lissafi ba. Wasu za su ce wannan rashin tausayi ne, tun da mutum ba ya iya kome da kome. Mu kuwa muna ganin nan ne gaskiyar digirin take. Takardar shaida alkawari ce da jami'a ta yi wa mutanen da ba su san ɗalibin ba, cewa an gwada shi an ga ya iya. Ranar da tukunyar tururi ta fara tsagewa a masana'anta, iya tsara kasafin kuɗi ba zai hana ta fashewa ba. Ranar da banki ya zo karɓar bashinsa kuma, sanin ƙarfe ba zai biya ba. Shi ya sa ma sunan injiniya a Jamus dokokin jihohi ne suke tsare shi, kuma dokokin suna duba yawan lissafi da kimiyya da fasahar da ke cikin karatun mutum kafin ya laƙaba wa kansa sunan.

Abu na biyu shi ne lokacin tankaɗe. A Karlsruhe akwai abin da za mu kira jarrabawar gane hanya. An ware wasu darussa na tushe waɗanda tilas ɗalibi ya zauna jarrabawarsu kafin ƙarshen zango na biyu, ya kuma ci su kafin ƙarshen na uku. In bai ci ba, ya rasa haƙƙin ci gaba da kwas ɗin, sai fa in dalilin jinkirin ba laifinsa ba ne. Da jin wannan mutum zai ce an ƙuntata. Amma a tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gaya wa gaskiya bayan shekara ɗaya da rabi yana da sauran ƙuruciya da sauran kuɗin iyaye da zai koma kasuwanci zalla ko wani fannin da ya fi dacewa da shi. Wanda aka bari yana jan darasin shekarar farko a bayansa har shekarar ƙarshe, sa'an nan aka ce masa ya tafi, shi ne aka zalunta. A kwas mai fuska biyu wannan ya fi muhimmanci, domin da yawa sukan shigo ne saboda son fuska ɗaya, suna fatan ɗayar za ta zo da sauƙi.

Inda muke da ja shi ne hukuncin faɗuwar ƙarshe. A yawancin jami'o'in Jamus an ƙayyade sau nawa za a maimaita jarrabawa, galibi zama uku ne duka-duka. Wanda ya faɗi na ƙarshe a darasin dole an rufe masa kwas ɗin, kuma bisa al'ada sauran jami'o'in ƙasar ba za su karɓe shi a wannan kwas ba. Mun yarda da iyaka a shekarar farko, gama amfaninta ke nan. Amma mutumin da ya tara kiredit 170 cikin 180, ya nuna ya iya taunar taurar nan biyu, a ce takarda guda ta awa biyu ta rushe masa shekara uku, wannan awo ne da ya fi kayan da ake aunawa nauyi. Su kansu Jamusawa ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, domin Jami'ar Bielefeld ba ta ƙayyade yawan maimaici ba. A Karlsruhe kuma an sa wata kariya: wanda ya faɗi maimaicin jarrabawar rubutu, ana kiransa jarrabawar baka, malamai su yi masa tambayoyi ido da ido, in ya gamsar da su a ba shi 4.0, ba fiye ba. Wannan dabara ta yi mana daidai. Ba ta ba ragon ɗalibi kyautar maki ba, ba ta kuma bar firgitar rana ɗaya ta yanke wa mutum hukuncin rayuwa ba.

Ja na biyu shi ne yawan jarrabawa. Da aka shigo da sabon tsari, sai aka daddatsa karatu ƙanana-ƙanana, kowane yanki da jarrabawarsa, kusan kowane maki kuma yana shiga sakamakon ƙarshe. Ɗalibin kwas biyu shi ya fi kowa shan wuya, gama sassa biyu ne suke ɗora masa kaya, kowanne yana ganin nasa ne ilmi. Sakamakon haka shi ne haddar dare ɗaya, a zubar a takarda, a manta kafin sati ya zagayo. A 2009 ɗaliban Jamus suka yi zanga-zanga a garuruwa da dama, har suka mamaye ɗakunan lacca, kuma wannan yana cikin koke-kokensu. A 2010 taron ministocin ilmi na jihohin ƙasar ya gyara ƙa'ida, ya ce a bisa galibi kowane rukunin darasi ya ƙare da jarrabawa ɗaya, kuma kada ya gaza kiredit biyar. In aka raba talatin da biyar, an sami jarrabawa shida a zango. Dokar jarrabawa ashe mutane ne suka rubuta ta, mutane kuma suna iya gyara ta in waɗanda take hawa kansu sun karanta ta sun san inda take ciwo.

Akwai kuma wani gibi da muke ganin kowace doka ta irin wannan kwas ya kamata ta toshe. Ana iya cin jarrabawar injiniya goma da ta kasuwanci goma ba tare da an taɓa haɗa su a ƙwaƙwalwa ba, kamar mai matan aure biyu da ba sa ga maciji. Wurin haɗin shi ne kundin bincike na ƙarshe, wanda a digirin farko na Jamus bai wuce kiredit 12 ba, da kuma zaman masana'anta. A ganinmu doka ta wajabta cewa kundin ya ɗauki matsala guda ya dube ta ta fuskar fasaha da ta kuɗi, malami daga kowane sashe ya sa hannu a makinsa. In ba a gwada mahaɗin ba, an gwada rabi biyu ne kawai, ba a gwada injiniyan kasuwanci ba.

Abin da ya sa tsananin nan yake jurewa a can shi ne ɗalibi yana da haƙƙi a rubuce. Yana da ikon ganin takardarsa bayan an duba ta. Yana da ikon ɗaukaka ƙara a kan hukuncin jarrabawa, har gaban kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma. Marar lafiya yana janyewa da takardar likita ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba, mai naƙasa ana daidaita masa yanayin zama, tun daga 2018 kuma dokar kare masu juna biyu ta haɗa da ɗalibai mata. A kwamitin jarrabawa akwai kujerar wakilin ɗalibai. A 1991 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa amsar da take da madogara a ilmi, aka kuma kafa ta da hujja mai ƙarfi, ba za a ce kuskure ce don kawai ta saɓa wa ra'ayin mai dubawa ba. Tsanani da haƙƙi tare suke tafiya. Wanda ya kwafo na farko ya bar na biyu, bulala kawai ya kwafo.

Me ya kawo wannan magana shafinmu? A Nijeriya digirin injiniya shekara biyar ne, da zaman koyon aiki a masana'antu a cikinsa, kuma majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita take tantance kwas ta yi wa injiniya rajista. A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan ƙofa ce da za a iya shigo da kasuwanci cikin karatun injiniya ta cikinta, kuma muna maraba da haka. Tsoronmu shi ne a fara da suna mai daɗi a allon sanarwa, a bar doka sai ɗalibai sun yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai. Duk jami'ar da za ta buɗe irin wannan kwas, ta fara buga dokar jarrabawarsa kafin ta ɗauki ɗalibi ko ɗaya, ta kuma bayyana ko wanda ya gama zai sami rajistar injiniya ko ba zai samu ba. Ta sa tankaɗenta a shekarar farko, ta ba wanda ya yi nisa damar kare kansa da baki. Ta hana makin wani ɓangare rufe faɗuwar wani. Ta ba ɗalibi ikon ganin takardarsa, ta ba wakilinsa kujera a inda ake yanke hukunci. Ku kuma da kuke ofisoshin ilmi da na ɗaukar ma'aikata, in takarda mai suna biyu ta zo teburinku, ku tambayi abin da aka ci kafin a same ta. Mu ɗalibai namu aikin shi ne mu nemi dokar kwas ɗinmu tun makon farko, mu karanta ta sashe-sashe kamar yadda muke karanta darasin da za a tambaye mu gobe, domin yawancinmu ba ma buɗe ta sai ranar da ta riga ta hau kanmu.