Sirrin Jami'an Tsaro Yana Cikin Wayar Ɗan Kwangila

A watan Satumbar 2021 aka datse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtua, Malumfashi, Bakori da Faskari. Hujjar gwamnati ita ce masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda aka fi sani da infoma, da waya suke aikinsu. Sabis ya dawo daga baya, amma har yau idan ana maganar fitar sirri, hankalin kowa yana kan mutumin da ya ci amana da gangan. Ba a cika tuna mutumin kirkin da wayarsa ke tona asiri shi bai sani ba.

Duk sansanin jami'an tsaro, na soja ne ko na rundunar sa ido ta Community Watch Corps da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, yana rayuwa ne da 'yan kwangila. Wani ya kai shinkafa da masara, wani dizal, wani ya gyara Hilux da babura, wani ya ɗinka kaki. Mai kai abinci ya san mutum nawa ke sansani, domin da lissafin baki ake auna buhu. Mai kai mai ya san ranar da za a fita aiki. Bakanike ya san mota nawa ce a kwance. Idan aka haɗa waɗannan guntayen bayanai, an sami abin da ɗan bindiga zai biya kuɗi ya saya. Kuma a ina suke zaune? A WhatsApp, cikin wayar da ake barin ta wurin mai caji a kasuwa tun safe har la'asar.

Za a ce ai WhatsApp yana kulle saƙo daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Gaskiya ne, amma kullen yana kare saƙo ne a kan hanya. Da zarar ya sauka, ko wane ne ke riƙe da wayar zai karanta. Kwafin hirar da ke tafiya Google Drive ba ya samun irin wannan kullen sai mai wayar ya kunna da kansa. Hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi. GB WhatsApp kuwa, wanda samari ke so saboda ɓoye alamar an karanta saƙo, ba kamfanin Meta ya yi shi ba, kuma babu mai ba da tabbacin inda yake kai bayanai. Ga kuma guruf da ake cusa mutane ba a cire tsohon direban da aka sallama bara.

Manya ma suna faɗawa wannan ramin. A Maris 2025 aka saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, bisa kuskure cikin wani guruf na Signal da manyan jami'an Amurka ke tattauna harin da za su kai Yemen. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa wuraren sansanonin soja saboda sojoji na gudu da ita a kunne. Babu wanda ya yi kutse a duka biyun.

Amurka ta ɗauki matakin da ya kamata a duba. Ma'aikatar tsaronta ta fito da tsarin CMMC, wanda ya mayar da tsaron bayanai sharaɗin samun kwangila. Matakai uku ne: ƙaramin ɗan kwangila yana cika sharuɗɗa 15 ya tantance kansa duk shekara, mai riƙe bayanai masu nauyi kuma sai ya cika 110 na ƙa'idar NIST 800-171. Abin burgewa shi ne sharaɗin yana gangarowa har kan wanda babban ɗan kwangila ya yanka wa aiki.

Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma ita bayanan mutum ta fi damuwa da su, suna da lambar waya da makamantansu, ba jadawalin kai dizal Faskari ba. An kuma sabunta dokar masana'antar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna a shekarar 2023 don jawo kamfanoni masu zaman kansu. Ƙarin kamfanoni kuwa ƙarin wayoyi ne da kwamfutoci masu riƙe da sirri.

Ba wanda zai ɗora wa mai kai masara daga Malumfashi sharuɗɗa 110. Hakan zai kore shi ne kawai, kwangilar ta koma hannun manyan Abuja. Abin da ya dace shi ne gwamnatin jiha ta rubuta kaɗan a takardar kwangila, ta kuma riƙa dubawa kafin ta biya: waya ta daban don aikin, mai kulle, wadda ba ta zuwa wurin caji, tabbatarwa mai mataki biyu, takardu su zauna a rumbun intanet guda da hukuma ke iko da shi, inda kowa ke shiga da sunansa, ana ganin wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, kuma ana rufe ƙofar mutum ranar da aikinsa ya ƙare. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, yana da irin wannan rumbun a cikin gida. Matsalar ita ce rauni na sabis a ƙauyuka, don haka duk manhajar da za a zaɓa dole ta yi aiki da ƙaramar data, kuma da Hausa, in ba haka ba kowa zai koma WhatsApp cikin mako guda.

Akasarin alhazan da ke riƙe da waɗannan kwangiloli ba su ne ke latsa wayar ba. Ɗa ne ko yaron shago ke buga takardar kuɗi, shi ke tura hoto, shi ke buɗe guruf, shi ya san kalmar sirri. Idan za a yi horo a Funtua, da waɗannan samarin ya kamata a cika ɗakin.