Girgizar Sararin Samaniya da Sirrin Taurarin Nutron

Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa ya tarwatse, yakan bar wata dunƙulalliyar gawa da masana ke kira tauraron nutron. Faɗinsa bai kai tazarar Kano zuwa Wudil ba, amma ya ɗara rana nauyi, kuma cokalin shayi guda na abin da ke cikinsa zai kai tan miliyan dubu. Babu ɗakin gwaji a doron ƙasa da zai iya matse abu haka, shi ya sa aka daɗe ana muhawara kan abin da ke cikinsa.

Idan dai ba a manta ba, a ranar 17 ga watan Agusta na shekarar 2017, na'urorin LIGO biyu da ke jihohin Washington da Louisiana a Amurka, tare da Virgo a Italiya, suka ji girgizar da karon irin waɗannan taurari biyu ta haddasa, irin wadda Albert Einstein ya yi hasashenta tun 1916. Girgizar ta yi tafiyar shekaru kimanin miliyan 130 kafin ta iso. Cibiyoyin hangen taurari kimanin 70, ciki har da SALT ta Afirka ta Kudu, sun bi sawun hasken, wanda ya nuna cewa a irin wannan karo ake ƙera ma'adanai masu nauyi, dangin zinariyar da fatake ke sarowa daga Dubai.

Muhimmancin lamarin shi ne, dab da karon kowane tauraro yakan ja ɗan'uwansa har ya lanƙwasa. Babban tauraro ya fi lanƙwasa, abin da ke gaggauta karon, ya kuma bar alama a girgizar. Da wannan ne masana suka ƙiyasta a 2018 cewa daga tsakiyar tauraron zuwa bakinsa kimanin kilomita 12 ne, lamarin da ya raunana hasashen masu cewa taurarin sun fi haka girma sosai.

To sai dai kuma, ba a yanke hukunci da shaida guda. Karo na biyu da aka ji a watan Afrilun 2019 bai zo da haske ba, kuma na'urar LIGO ɗaya ce kaɗai ta kama shi sosai, don haka aka kasa gano takamaiman inda ya faru. Wannan ne ya sa hankalin masana ya tashi a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta gabatar da kasafin da ya nemi a rufe ɗaya daga cikin cibiyoyin LIGO. A ɗaya ɓangaren kuma, Indiya ta amince a 2023 da gina tata cibiyar a jihar Maharashtra. Abin jira a gani shi ne ko kunnuwan duniya za su kasance a buɗe ranar da karo na gaba zai iso.