Faɗakarwa ga Malamai da Iyaye a kan Kwabon da Yaro Ya Samu da Guminsa

Da sunan Allah mu ke farawa, kuma gare Shi mu ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa malamai, da ku almajirai masu karanta wannan takarda a zauruka, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro da na tarar a bakin tashar mota daren Laraba, bayan an idar da sallar lisha. Shekarunsa ba za su wuce 9 ba, yana tsugune da ƙoƙonsa yana kuka. Na ce masa, "Yaro, me ya hana ka komawa makaranta?" Ya ce, "Baba, in gari ya waye za a karɓi kuɗin Laraba, nawa ba su cika ba, in na koma haka bulala zan sha." Na cika masa, na raka shi har ƙofar zaure, na komo gida barci ya gagare ni. Ba zan ambaci malaminsa ba, domin gyara na ke nufi, kuma laifin ya game mu duka, wanda ya aikata da wanda ya gani ya yi shiru.

Mas'ala ta fari, wa ke da nauyin cin yaro? Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin. Ciyar da ɗa namiji yana kan ubansa har ya balaga yana mai iya nema, ciyar da 'ya mace kuwa har ta yi aure miji ya tare da ita. To, uban da ya kawo yaro birni da allo da akushi kaɗai, ya juya baya sai bayan shekara, bai sauke wannan nauyi ba, ɗora shi ya yi a kan yaron da kan maƙwabta. Mu da mu ke karantar da wannan babi da safe, bai kamata mu karɓi yaro a kan saɓaninsa da yamma ba.

Mas'ala ta biyu, hidimar gida. Shara, da ɗebo ruwa, da kai tuwo gona, da kiwon awaki, da samo karan da za a hura wutar karatun dare, duk wannan tarbiyya ce, ba a biyan lada a kanta. Na ga wasu gidaje a birni yanzu ba a aiken yaro sai an yi ciniki, har uwa ta ce wa ɗanta ya miƙo tsintsiya ya ce nawa za a ba shi. Wanda ya tashi a haka, ranar da tsufa ya kama iyayensa zai tambayi ladan jinya. Amma kyauta daban ce. Goron Sallah, da kuɗin tara da a ke ba ɗan makarantar boko, da ɗan abin da kaka ke damƙa wa jika, duk alheri ne, in an haɗa shi da asusu, an koya wa yaro ya ci kaɗan, ya ajiye kaɗan, ya yi sadaka da kaɗan.

Mas'ala ta uku, sana'a. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, kuma Annabi Dawuda daga aikin hannunsa ya ke ci. A nan ƙasarmu an ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, wanda ya yi wafati a 1817, yana tufkar igiya da hannunsa. To, wane ne mu da za mu ce sana'a na rage darajar mai karatu?

Ni kaina da allura na yi karatu. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya kan sake mu ran Alhamis da Juma'a, kowa ya tafi wurin mai sana'ar da ya zaɓa masa, wani ɗinkin hula, wani dukanci, wani marina. A lokacin ba a kawo naira ba, domin sai a 1973 aka canja kuɗi. Sule kwabo 12 ne, sisi 6, taro 3. In na kawo sisi, sai Malam ya ba ni kwabo ɗaya ko biyu na sabulu da ƙuli-ƙuli, saura ya jefa a wani gwangwani, ya rubuta a bayan wata tsohuwar takarda a gabana. Ranar da na sauke Alƙur'ani ya ɗauko gwangwanin ya ƙirga mini, ko anini bai yi ciwon kai ba. Da su na sayi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da rigar da na sa ran walima. Ban taɓa tsayawa ƙofar gidan kowa da ƙoƙo ba tun daga shekarar da na iya zare.

Daga nan mas'ala ta huɗu ta fito. Abin da yaro ya samu da guminsa dukiyarsa ce, uba ko malam mai tsaro ne kurum. Ku duba farkon Suratun Nisa'i, inda aka umurci waliyyai da su jarraba marayu kafin su miƙa musu dukiyarsu. Ina za a gane shiriyar yaro a kan kuɗi, in duk abin da ya shigo hannunsa ƙwacewa a ke yi?

In wani ya ce, "Ai bara tana karya girman kai, kuma da ita magabata suka yi karatu," sai mu ce, barar da ta kasance a da ta tuwo ce, a gidajen unguwa da aka san yaro aka san malaminsa, sau da yawa ma yana da uwar ɗaki mai ajiye masa rabonsa. Ta yanzu kuwa ta kuɗi ce, tsakanin motoci, gaban baƙin da ba su san shi ba, kuma abin da ta ke karyawa kunya ce. In kuma ya ce, "To, malam me zai ci?" sai mu ce wannan tambaya ce ta gaskiya, domin malam mai iyali ne, kuma jama'a sun yi sakaci da hakkinsa. Amma kuɗin Laraba a wuyan uba su ke. A nema wurinsa, da wurin masu zakka, da attajiran unguwa. Ba a biyan bashin babba da bulala a bayan yaro.

Haka al'amarin talla. Na san uwa mai kulle ba ta da ƙafar zuwa kasuwa sai 'yarta, kuma da ribar goro da ƙosai a ke tara kayan ɗaki. Ba na zargin matan da talauci ya matsa. Amma yarinyar da ke yawo da faranti a tasha bayan magariba an sa ta a hanyar da kwano da tasa ba su isa fansarta ba. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In talla ta zama dole, to, a cikin unguwa, da rana, bayan an tashi karatu.

Hukuma ta gwada nata. A 2012 an buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta kwasar yara a motoci ana mai da su jihohinsu. A 2023 an kafa hukumar tarayya mai kula da karatun almajirai. Amma doka ba ta kwana a zaurenmu, mu ne ke kwana a ciki.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Kada malami ya karɓi yaron da ubansa bai ɗauki nauyin cinsa ba. Kada a yanka wa yaro adadin kuɗin da zai kawo. Duk wanda ya yi wayo a haɗa shi da mai sana'a amintacce, a lokacin da ba na karatu ba. Abin da ya samu kuma a rubuta a gabansa, a ajiye masa. Ku kuwa almajirai manya, gardawa, ku ji tsoron Allah game da ƙolawa, kada ku karɓe abin da ke ƙoƙonsu.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara mini. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu ci halal mu ciyar da halal, amin. Wassalamu.