Korar ma'aikata ba wuya, cike gurbinsu ne aiki

Manomi a Gozaki ba ya sallamar 'yan ƙwadago ana tsakiyar noman masara sai ya san waɗanda za su kama fartanya gobe, domin ciyawa ba ta jiran kowa. Wannan lissafin da kowane ƙauye a Ƙaramar Hukumar Kafur ya sani, shi ne yake yawan kuɓuce wa hukumomi idan suka tashi garambawul.

Maƙwabciya Kaduna ta isa misali. A shekarar 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, tare da alƙawarin ɗaukar sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ba a je ko'ina ba, a cikin wannan shekarar, gwamnatin ta sake sallamar 4,562 daga cikin sababbin da ta ɗauka, bisa dalilin rashin cancanta. A 2022 kuma wasu 2,357 suka bi bayansu.

Babu mai musun cewa malamin da ya kasa amsa tambayar ɗalibinsa bai dace da aji ba. Abin tambaya shi ne: idan matatar da aka tace sababbin ta bar dubbai marasa cancanta sun wuce, laifin na wa? Kora a rana ɗaya ake yin ta da takarda, amma samar da malami yana cin shekaru. Tsakanin korar da cike gurbin, yaran talakawa ne ke zaune a aji babu kowa a gaban allo.

Jihar Katsina, wadda gwamnatin Dikko Radda ta ɗauki malamai 7,325 a 2023 bayan jarrabawa, tana da damar kauce wa wannan rami. Duk hukumar da za ta rage ma'aikata, ta fara tantance masu maye gurbi kafin ta raba takardun sallama. Ta biya waɗanda aka sallama haƙƙoƙinsu a kan lokaci, domin sabon ma'aikaci yana kallon yadda aka yi da na gabansa. Ta ba wanda ya koma karatu ya gyara kansa damar sake nema. Sannan ta fifita 'yan yankin da suka cancanta: malamin da aka turo daga birni zuwa ƙauyukan Kafur, Malumfashi ko Funtua, sau da yawa neman canjin wuri yake fara yi tun kafin ya san sunayen ɗalibansa.

Idan kuwa guraben suka koma rabon 'yan siyasa, an kori jahilci ne kawai aka ɗauko ɗan'uwansa. Gemun maƙwabci ya riga ya kama da wuta, saura Katsina ta shafa wa nata ruwa.