Dariyarmu Ma Sai An Auno Mana Daga Kano?

Jama'ar unguwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuma sai mun faɗe ta. Da wuya ka samu gida a unguwar nan da ba a san Daɗin Kowa ko Gidan Badamasi ba. In an kawo wuta a kunna talabijin, in an ɗauke a koma waya, datarmu na ƙarewa muna ƙyaƙyata dariya. To amma a duk jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen shiri, sau nawa muka ga ɗan Kafanchan a gurbin marubuci? Kullum mu ne masu saye, wasu ne masu sayarwa.

Da ka tayar da zancen, amsa ɗaya ake ba ka: ai harkar ta Kanawa ce, ba a ba bare, kuma Hausarmu ta kudu ba ta da tsarkin da za a sa ta a talabijin. Wannan magana mun ƙi ta, don tarihi ma ya ƙi ta. Wane wasa ne ya kai Samanja Mazan Fama farin jini a zamaninsa? Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne daga Pategi, tsohon soja, kuma da Hausar bariki mai gauraye da Turanci ya riƙe Arewa shekara da shekaru daga Kaduna. Karkuzu na Bodara kuwa a Jos ya yi suna, nan kusa da mu. Su Kasimu Yero ma a Kaduna suka yi tashe. Ashe ke nan Hausar da muke jin kunyarta, wadda Bajju da Bahaushe da Ibo ke ciniki da ita a kasuwa, ita ce irin jarin da Samanja ya ci abinci da shi.

Ba mu ce ƙofa a buɗe take wangale ba. Kamfanoni da furodusoshi a Kano suke, kuma mai zuba kuɗinsa ya fi son ya kira wanda ya sani. Wannan gaskiya ne, kuma muna da ta cewa a kansa. Masana'antar da ke juya labari ɗaya na kishiya da gado da ɗan mai kuɗi ya so 'yar talaka, alhali ba ta da wata sananniyar hanya da baƙon marubuci zai miƙa aikinsa a karanta, kanta take cuta. Tashar da ke neman masu kallo daga Legas har Agadas bai kamata alƙalaminta ya tsaya a unguwanni uku na gari ɗaya ba.

Sai dai kafin mu zargi mai ƙofa, me muka je da shi muka ƙwanƙwasa? Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma waɗanda suka yi fice wajen rubuta mata wasanni, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, da littafi suka fara. Sun yi shekaru suna rubutu kafin talabijin ta neme su. Mu kuwa yaro zai rubuta shafi biyu a WhatsApp, ya tura wa wani jarumi a Facebook, in bai ji amsa ba ya dawo majalisa yana cewa an yi masa ƙabilanci. Haba!

Bari mu faɗi yadda abin yake tafiya, don matasanmu su daina harbi a duhu. Wasa na shiga talabijin ta hanya uku. Ko tasha ta ɗauki marubuta ta shirya abinta da kanta, ko ta sayi shirin da wani kamfani ya riga ya ɗauka, ko kuma mai shiri ya sayi lokaci ya nemo masu talla. Sabon marubuci ta hanya ta biyu ya fi shiga, wato sai ya shawo kan furodusa. Shi kuma furodusa ba ya sayen "ina da wani labari". Abin da zai duba shi ne taƙaitaccen bayani a shafi ɗaya, sunayen taurari da halin kowannensu, kashi na farko a rubuce cif da maganganunsa fitowa bayan fitowa, sai kuma tsarin abin da zai faru a kashi 13, tunda zango ɗaya a talabijin wata uku ne. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka wasan rabin awa bai wuce shafi ashirin da 'yan kai ba, saura na talla ne. Wasan barkwanci kuma arha yake so: mutum biyar ko shida, wuri biyu ko uku, tsakar gida da shago da zaure. Wanda ya rubuta jirgin sama da gobara a kashin farko ya kori mai kuɗi da hannunsa.

Abu ɗaya kuma, kar wanda ya miƙa rubutunsa a kan "Allah ya kai mu". Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce. A yi takarda, a faɗi kuɗin kowane kashi, a faɗi sunan wa zai fito a allo. Masu buɗe zaure a waya suna karɓar kuɗin rajista da alƙawarin haɗa yara da manyan daraktoci kuwa, a tambaye su wasa nawa suka taɓa sayarwa.

Labari dai ba mu rasa ba. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi tun wajen 1927, ya tara Hausawa da Fulani da Fantswam da Kaninkon da Kagoro da Ibo da Yarabawa wuri guda. A ɗauki gidan haya ɗaya a bayan tasha: mai gida tsohon ma'aikacin reluwe da ke jiran fansho, dillalin citta da kullum lissafinsa ke ɓacewa, malamar makaranta 'yar mawaƙan coci, ladan mai bashin mai shayi, ga rijiya ɗaya da mita ɗaya da kowa ke rantsuwa ba shi ya ƙone ta ba. Wannan kaɗai zai ci zango biyar. Kuma babu wanda zai rubuta shi daidai sai wanda ya yi rabon naman Sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Marubucin nesa, in ya tashi sa wanda ba Bahaushe ba a wasa, yawanci ɗan Gwari ko Ibo yake kawowa a yi wa harshensa dariya. Mu ba za mu yi haka ba, don gobe da safe a layin famfo za mu haɗu da shi.

Nan ne maganar ta wuce ta nishaɗi. Tun rikicin Maris 1987, zuwa na Afrilu 2011 da aka ƙona kasuwa, duniya ba ta jin sunan Kafanchan sai da hayaƙi. Shekarun da muka yi muna bin juna bashi, muna zuwa biki da jana'izar juna, ba wanda ya ɗauke su a kyamara. In ba mu ba da labarinmu ba, masu ƙirga gawa ne za su ci gaba da ba da shi.

Iyayenmu malamai da ke ganin wasan kwaikwayo shashanci ne, muna girmama damuwarku. Amma yaran nan kallo suke yi, da izininmu ko babu. Zaɓin da ya rage shi ne wa zai rubuta abin da suke kallo. Tashen da muka gada a watan azumi ma ai wasan kwaikwayo ne, da dariya ake yi wa marowaci da malalaci gyara.

Saura ku masu hannu da shuni da 'yan siyasarmu. Duk kakar zaɓe sai an sa kofin ƙwallo, an raba riguna, an watse. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, ga shi ta fito da mata marubuta da a da ba a san su ba. Me zai hana ƙungiyar ci gaban unguwa ta sa gasar rubutun wasan barkwanci sau ɗaya a shekara, a buɗe ta ga kowane ɗan gari ko wane addini yake bi, wanda ya ci a ɗauki nauyin kashinsa na farko? Makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA duk suna Jos, alƙalai da masu kyamara ba za su yi wuya ba. Gidan rediyon jiha yana da tasha a garin nan, a fara gwada wasan ta murya. Sannan ga YouTube, inda Izzar So ya tara jama'arsa ba tare da jiran wata tasha ba. Furodusan da ya ƙi karanta takarda zai kalli kashin da mutane suka riga suka yi wa dariya.

Muna kira ga shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a zaman wata mai zuwa. Ku kuma matasa, maza da mata, wanda ya ce shi marubuci ne ya zo da kashi ɗaya kammalalle, a karanta a gaban jama'a. In an yi dariya, mun samu abin kaiwa Kano da Kaduna. In ba a yi ba, a koma a gyara. Allah ya yi mana jagora.