Kashi 73 bai san Zobe ba

Duk taron muhalli da aka yi, sai wani ya miƙe da babbar riga ya ce namun dajin duniya sun ragu da kashi 73 cikin ɗari. A jinjina kai, a dasa bishiya uku, a watse. Mu da muke cin abinci da kwamfuta ba ma tsoron lamba, amma wannan tana ba mu haushi, domin ana ɗora mata kayan da ba nata ba.

Lambar ta fito ne daga rahoton da ƙungiyar WWF ta fitar a 2024, kan garken dabbobi kusan 35,000 daga jinsi 5,495, tsakanin 1970 da 2020. Ba ƙidayar kawuna ba ce, matsakaicin saurin raguwa ne. Ɗauki garke biyu: zalɓe goma suka koma biyar, belbela dubu goma suna nan yadda suke. Irin lissafin da ake yi zai ce an samu raguwar kusan kashi 29, alhali tsuntsu biyar aka rasa. A 2020 wani bincike a mujallar Nature ya nuna cewa in aka cire ƙasa da kashi 3 na garkunan da suka fi faɗuwa, sai zanen ya daina gangarowa. An yi ta jayayya a kansa, kuma mu ba cewa muke daji lafiya yake ba. Wanda ya girma yana ganin ungulu a bakin mahauta, yau ya nema ya rasa, ba ya bukatar rahoto. Sai a 2015 aka saka ta cikin masu dab da ƙarewa, mahauta kuwa sun riga kowa sani.

To mu zo gida. An kammala madatsar Zobe a 1983 a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ruwa yana kwance, masunta na fitar da karfasa da tarwaɗa, 'yan noman rani na fesa magani a gefe. Mene ne wannan ma'auni zai gaya mana a kai? Tun farko masu ƙashin baya kaɗai yake dubawa. Ƙudan zuma, fara, gara, tana, duk ƙwarin da gona ke rayuwa a kansu, ba su shiga rajista ba. Sannan ba ya karɓar labari sai an ƙirga jinsi ɗaya, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a shekaru aƙalla biyu. Irin wannan ƙirge ya fi yawa a Turai da Amurka, kan tsuntsaye da manyan dabbobi. Masu ma'aunin sun san haka, suna ƙara wa yankunanmu nauyi a lissafi. Amma ƙarin nauyi ba ya haifar da bayanin da ba a tattaro ba. 'Yan wuraren da aka ƙirga ne ake sa su yi magana da bakin sauran.

Darasin farko da ake koya wa mai rubuta manhaja shi ne gurbin da ba a cike ba daban, sifili daban. Wanda ya haɗa su zai rusa asusun banki. A taswirar halittu kuwa kullum ana haɗa su a kai. Tun 2015 cibiyar APLORI ta Jos ke jagorantar taswirar tsuntsayen Nijeriya, 'yan sa-kai na bin ƙasa yanki-yanki, kowane kimanin kilomita tara, suna rubuta abin da suka gani a waya. Aiki ne mai kyau. Sai dai wa zai rataya tabarau mai hangen nesa ya bi dajin Kurfi ko hanyar Rugu a wannan zamani na 'yan bindiga? Ko mutanen gari sai su ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Inda ido bai kai ba sai ya fito fari fat a taswira, mai karatu a ofis ya fassara shi yadda ya ga dama: ko babu komai, ko babu matsala.

Laifin namu ne fiye da na masu rahoto. Mun fi son lambar da aka aiko mana a kan wadda za mu sha rana mu samo. Masuncin da ya shekara talatin a Zobe ya san kifin da ya daina shiga koma, ya san lokacin da ramin raga ya fara ƙanƙancewa. Manomi ya san ko shamuwa ta zo da wuri bana. Wannan duk bayani ne, rubutawa kawai ya rage. Jami'ar tarayya tana Dutsin-Ma tun 2011, ɗalibai na neman abin bincike kowace shekara. A ajiye littafi a inda ake sauke kifi, da yardar sarkin ruwa, a riƙa rubuta iri da awo duk ranar kasuwa, shekara goma ba fashi. Manhajar da za ta tara shi a mako ɗaya za mu rubuta, kyauta. Abin da muke jira shi ne wanda zai ɗauki nauyin biyan yaron da zai zauna a bakin ruwa da sikeli.